BABI NA HUƊU: TSIRKIYA A MATSAYIN 'YAR AMSHI A KIƊAN GOGE DA KUKUMA DA KUNTIGI

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo bayanin kayan kiɗa masu tsirkiya da ake samu a ƙasar Dandume da kewayenta, wato daga Funtuwa zuwa Malumfashi, tare da irin mutanen da suke riƙe da su. Wannan babi kuwa tarke ne a kan kiɗan kansa. Abin da ake son a nuna shi ne, a duk inda makaɗi ya tsaya shi kaɗai ko da mataimaka ƙalilan, tsirkiyar da ke hannunsa ita take ɗaukar aikin 'yan amshi. Saboda haka manazarcin da ya juye kalmomin irin wannan waƙa a takarda ya tsaya nan, rabin zancen kawai ya kawo wa mai karatu. Za a duba goge da kukuma da kuntigi, sannan a kawo abin kwatance daga ƙasar Hungari ta nahiyar Turai, inda masana kiɗa suka daɗe suna fama da irin wannan tambaya.

4.1 Inda Nazarinmu Ya Tsaya

Hanyar da ɗaliban Hausa suka saba bi wajen nazarin waƙar baka sananniya ce. A saurari kaset, a rubuta kalmomin, a rarraba su ɗiya-ɗiya, a fito da turke da tubalan gininsa, sannan a koma kan salo da sarrafa harshe. Wannan tsari, wanda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), bai manta da kiɗa ba, domin ya ba shi gurbi. Sai dai a aikace, yawancin kundayen ɗalibai sukan wuce wannan gurbi da layi biyu ko uku: a faɗi sunan abin kiɗan, a faɗi da me aka yi shi, shi ke nan.

Wannan gaggawa ba ta cika yin illa ba idan ana nazarin makaɗan da suke da 'yan amshi. Alal misali, Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 1999, in ya kai ƙarshen ɗan waƙa sai yaransa su dawo da gindin waƙar da baki. Jagora kalmomi yake furtawa, 'yan amshi ma kalmomi suke furtawa, don haka takarda tana iya kama ɓangarorin biyu. Haka abin yake ga Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Kalangu da kotso suna da nasu zancen, babu musu, amma ko an cire su ginin waƙar yana nan a tsaye a kan shafi.

Mai goge ko mai kuntigi ba haka yake ba. Idan aka rubuta waƙarsa, farin filin da ke tsakanin layi da layi shi ne wurin da aka amsa masa, kuma mai amsawar ba ya fitowa a rubuce. Shi ya sa waƙoƙin irin waɗannan makaɗa sukan zama kamar marasa nauyi a takarda, har wani ya yanke hukuncin cewa ba su kai na makaɗan fada hikima ba. A ganin wannan nazari, hukuncin bai yi adalci ba, domin an saurari mai ƙara ne ba a saurari wanda ya ba shi amsa ba.

Masana na waje sun fi mu kula da wannan ɓangare. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da wuraren da ake amfani da su a 1971. Fremont Besmer ya yi nazarin makaɗan bori na Kano, littafinsa ya fito a 1983. Jacqueline DjeDje kuma ta fitar da littafi a 2008 a kan masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba na ƙasar Gana. Su sun fi karkata ga kiɗan da muhallinsa, mu kuma mun fi karkata ga kalmomi. Tsakanin nan ne aka bar gona ba noma, wato wurin da karin harshen Hausa yake haɗuwa da karin tsirkiya.

4.2 Goge

Kafin a fahimci dalilin da ya sa goge yake iya amshi, dole a sake duba yadda aka gina shi. Rabin ƙwarya ce aka rufe bakinta da fatar guza, aka soke ta da sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tak ta gashin wutsiyar doki, wadda take hawa kan ɗan itacen da ake kira jaki. Ana goga ta da ɗan baka wanda shi ma gashin doki ne, bayan an shafa masa ƙaro don ya kama. Abin lura a nan shi ne, mai goge ba ya danna tsirkiya har ta taɓa sanda. Yatsunsa na hagu taɓa ta kawai suke yi tana rataye a iska, kuma babu wata alama a jikin sandar da ke cewa nan ne wurin sauti kaza. Kunne ne kaɗai jagora.

Wannan gini ya ba goge abubuwa biyu da harshen Hausa yake buƙata. Na farko shi ne tsawo. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, kuma tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Mai goge yana iya jan sauti gwargwadon tsawon bakansa, ko ya datse shi nan take, saboda haka yana iya auna gaɓoɓin jimla daidai da yadda baki ya furta su. Na biyu shi ne kari. Hausa tana da karin sama da karin ƙasa da kuma faɗau, wanda yake farawa a sama ya zame zuwa ƙasa a cikin gaɓa ɗaya. Kalmar "kai" ta wakilin suna, wadda ake faɗa wa namiji, karin sama gare ta, amma "kai" na jiki faɗau ne. Haka nan "yau" da "rai" duk faɗau ne. Tun da yatsa yana iya zamewa a kan tsirkiyar goge ba tare da ya ci karo da komai ba, goge yana iya faɗin faɗau ɗin nan yadda yake. Wannan ne ya sa wanda ya saba da kiɗan yakan ji take ya san na wane ne, ko da makaɗin bai buɗe baki ba.

A fagen bori abin ya fi fitowa fili. Kowane iska yana da nasa kiɗa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, na Kuturu daban. Besmer ya bayyana haka a Kano, Veit Erlmann ma ya bayyana shi a ƙasar Maraɗi a 1982. Ƙungiyar makaɗan ƙarama ce ƙwarai, mai goge ne da masu ƙwarya da suke bugawa da 'yan sanduna, ko kuma mai garaya da masu kaɗa buta. A irin wannan zama kalmomi suna iya ɗaukewa na dogon lokaci, amma 'yan bori ba su rasa sanin wanda ake kira, domin goge bai daina kiran ba. Wannan kundi ba hurumin yanke hukuncin addini gare shi ba a kan bori, wannan aikin malamai ne. Abin da ya shafe mu shi ne shaidar da fagen yake bayarwa cewa tsirkiya tana ɗaukar ma'ana ita kaɗai.

To, ina gwaninta take? A wasannin da aka saurara domin wannan nazari, tsarin kusan ɗaya ne. Makaɗi yakan share fage da goge zalla, ya kafa karin. Sannan ya rera layi, a lokacin gogen ya yi ƙasa-ƙasa ko ya bi muryar sau da ƙafa. Da ya rufe baki sai gogen ya ɗaga ya mayar da layin. A wannan mayarwa ce ake gane gwani. Ɗan koyo yakan maido da layin kamar yadda aka rera shi, babu ragi babu ƙari, har mai sauraro ya gaji. Gwani kuwa ba ya maimaita abu ɗaya sau biyu iri ɗaya. Wani lokaci ya tsawaita gaɓar ƙarshe kamar mai tambaya, wani lokaci ya yanke ta kamar mai gatse, wani lokaci kuma ya tsallake farkon layin ya kama tsakiya, ya bar masu ƙwarya su cike gurbin. Akwai inda bakin makaɗi yake yabon mutum, gogen kuma yana maido da yabon da wata irin lanƙwasa da take sa 'yan kallo dariya. A takarda yabo kawai za a gani. Zambon yana cikin tsirkiya, kuma wanda aka yi wa ba shi da kalmar da zai kama ya kai ƙara. 'Yan amshi na baki ba su da wannan dama, domin su abin da aka ba su shi suke mayarwa.

Ba a ce kiɗan goge ba shi da rauni ba. Faɗin sautinsa kaɗan ne, yawancin karinsa a kan sautuka biyar yake yawo, kuma idan makaɗi ya gaji ko ya ga babu mai liƙi, yakan kwanta a kan 'yar gajeriyar jimla ɗaya ya yi ta niƙa har mutane su watse. Amma wannan raunin mai goge ne, kamar yadda ake samun marubucin da yake cika baiti da kalmomin cike gurbi.

Game da muhalli, ƙasar Dandume ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga, kuma kasuwar hatsinta tana jawo fatake da manyan motoci daga nesa. Kiɗan goge a irin wannan wuri kiɗan kaka ne, lokacin da amfanin gona ya shigo, kuɗi suka zauna a hannu, aka shiga bukukuwa. A ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi ya fi samun sakewa. Amma tun da daɗewa goge yake ɗauke da tabo a idon jama'a, har ana yi masa kirari da "kan bidi'a", saboda danganta shi da bori da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren shan giya. Bayan da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, fagensa ya ƙara ƙuntata. Sannan matsalar 'yan bindiga da ta addabi Dandume da Sabuwa da Faskari tun daga ƙarshen shekarun 2010 ta sa taron dare a ƙauye ya zama abin tsoro. Goge kuwa a taro ake koyonsa, yaro yana zaune yana buga ƙwarya shekara da shekaru kafin a miƙa masa baka. Idan taron ya yanke, koyon ma ya yanke.

4.3 Kukuma

Kukuma ƙanwar goge ce, ta fi shi ƙanƙanta kuma muryarta ta fi tashi sama. Ibrahim Na Habu ne ake dangantawa da fito da ita fili, daga baya kuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam suka kai ta gidajen biki da gidajen rediyo. Kukuma ta sami abin da goge bai samu ba, wato karɓuwa. Ba a danganta ta da iskoki, saboda haka attajiri ko ma'aikaci yana iya gayyatar mai kukuma bikin 'yarsa ba tare da an yi masa surutu ba.

Sai dai karɓuwar ta zo da farashi. Mai kukuma yakan zo da kalangu da 'yan amshi, to da zarar an sami masu amsawa da baki, tsirkiya ta rasa kujerarta. A yawancin waƙoƙin kukuma, ana jin ta sosai a buɗewa, sannan ta koma bayan fage tana raka murya, sai jefi-jefi ta leƙo tsakanin ɗa da ɗa. Idan aka shiga jero sunayen masu liƙi kuwa, hannun makaɗin yana motsi ne kawai don kada a ce ya tsaya. A ra'ayin wannan nazari, mafi daɗin abin da ke cikin faifan Garba Supa shi ne waɗannan 'yan sarari da yake barin kukumar ta yi magana kafin amshi ya dawo, kuma mai sauraro yakan so a ce sun fi haka tsawo.

4.4 Kuntigin Ɗanmaraya Jos

Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ba ɗan ƙasar Katsina ba ne. An kawo shi nan ne domin ta hanyar rediyon Kaduna da kaset waƙoƙinsa sun shiga kowace tashar mota da kowace rumfar mai shayi daga Funtuwa zuwa Dandume, kuma shi ne misali mafi bayyana na makaɗin da ya tsaya shi kaɗai, babu mai ganga babu ɗan amshi.

Kuntigi abu ne da ba ya cika ido. Gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya, ana kaɗa ta da ɗan tsinke. Bambancinsa da goge babba ne ta fuskar da ta shafe mu. Sautin goge yana rayuwa muddin baka yana tafiya, amma sautin kuntigi da an kaɗa shi ya fara mutuwa. Ba ya iya jan dogon wasali, ba ya iya zamewar faɗau yadda goge yake yi. Idan haka ne, ta yaya zai zama ɗan amshi?

Amsar ita ce Ɗanmaraya ya ba shi wani aikin amshi daban. A waƙar makaɗan ƙungiya, amshi yana da amfani biyu: yana ƙarfafa turke, yana kuma ba jagora damar numfasawa ya shirya ɗa na gaba ba tare da waƙar ta faɗi ƙasa ba. Aiki na biyun nan shi kuntigi ya ɗauka. Ɗanmaraya yakan kafa 'yar gajeriyar jimlar kiɗa tun farko, ta yi ta juyawa kamar dutsen niƙa, ita ce gindin waƙar. Muryarsa tana hawa kanta tana sauka yadda ta ga dama, wani lokaci rerawa, wani lokaci kusan magana ce tsantsa. Da ya yi shiru sai kuntigin ya fito fili, kunne ya tuna cewa ashe yana nan tun ɗazu.

Amfanin wannan ya fi fitowa a waƙoƙinsa masu kama da wasan kwaikwayo, irin su "Jawabin Aure" da "Gulma Wuya", inda yake sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai kai gulma. Mutum ɗaya ne yake riƙe da bakuna da yawa, kuma babu labule babu fitila da za su nuna cewa wani ya fita wani ya shigo. Kuntigi ne yake yin wannan aiki. 'Yan bugun da suke shiga tsakanin maganar wannan da ta wancan su ne suke raba su, kuma tsawon wannan tsakani yana da ma'ana: idan amsa ta zo nan take, faɗa ne ya yi zafi, idan kuntigi ya zagaya sau biyu kafin a amsa, mai amsawar yana neman abin faɗa ne ko yana haɗiye fushi. Duk wanda ya karanta waɗannan waƙoƙi a rubuce zai ga hira ce kawai ta yau da kullum, har ya yi mamakin abin da ya sa suka yi suna. Da 'yan amshi na baki ne a wurin, da sun ɓata wasan, domin da sun shigo da murya ta uku cikin ɗakin miji da mata.

Akwai masu ganin cewa kiɗan Ɗanmaraya duk iri ɗaya ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wanda ya saurari waƙoƙinsa goma a jere zai ji jimlolin kuntigin suna kama da juna, kuma a wasu waƙoƙin faɗakarwa da ya yi, inda babu wasan muryoyi, kiɗan bai wuce ma'aunin lokaci ba. Amma a inda ya yi fice, talaucin abin kiɗan shi ne arzikin waƙar. "Waƙar Karen Mota" ba za ta zauna a kan tambari ko kotso ba. Yaron mota da gwangwanin kifi 'yan unguwa ɗaya ne.

Haruna Uji na Haɗeja, mai gurmi, yana tsakanin waɗannan biyu. Gurmi ma kaɗa shi ake yi, amma ƙwaryarsa ta fi gwangwani zurfin murya, kuma tsirkiyarsa ta wuce ɗaya, don haka yana iya riƙe gindi ya kuma mayar da jimla.

4.5 Abin Kwatance Daga Ƙasar Hungari

Mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa Dandume da Hungari. Abin da ya haɗa su shi ne, a can ma akwai kiɗan ƙauye na masu goge, kuma a can an sami masana da suka ɗauke shi da muhimmanci tun da wuri. A yankin Gimes na tsaunukan Taransilbaniya, wanda yake cikin Romaniya amma mazaunansa da yawa 'yan Hungari ne, ƙungiyar kiɗan biki mutum biyu ce: mai gogen Turawa, wato biyolin, da mai buga wani abin kiɗa da ake kira gardon, wanda yake da tsirkiya amma da sanda ake dukansa kamar ganga. Sau da yawa miji ne da matarsa. Wanda ya san mai goge da mai ƙwarya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Tun daga 1906 Bela Bartok da Zoltan Kodai suka riƙa shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya ta wancan zamani, suna naɗar waƙoƙin manoma suna rubuta karinsu dalla-dalla. A 1913 Bartok ya zo har Biskra ta ƙasar Aljeriya, ya kuma lura cewa wani salon rerawa mai ja da lanƙwasa da ya ji a wurin manoman Romaniya, wanda ake kira "hora lunga", yana da dangi a Arewacin Afirka. Abin da suka koyo a ƙauye shi suka shigar cikin kiɗan da suka tsara. Kodai ya rubuta kiɗa na celo, wato babban gogen Turawa, shi kaɗai babu rakiya a 1915, ya kuma umarci mai kaɗawa ya sassauta tsirkiya biyu daga yadda aka saba ɗaure su. Bartok ya tsara kiɗa guda shida na masu goge huɗu, sannan a 1944, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, ya rubuta na biyolin shi kaɗai.

Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne na Jorj Ligeti, wanda ya rasu a 2006. Tsakanin 1991 da 1994 ya tsara kiɗa na biyola ita kaɗai, ya sa wa kashin farko suna "Hora lunga". Biyola tsirkiya huɗu gare ta, amma a wannan kashi ya hana mai kaɗawa taɓa uku daga ciki, ya ce a yi shi duka a kan tsirkiya mafi kauri. Bugu da ƙari, ya sa alamomi a kan wasu sautuka cewa a sauko da su kaɗan daga inda fiyano yake ajiye su. Ke nan ƙwararren mai tsara kiɗa na Turai, da kayan aiki a wadace, sai da ya ɗaure kansa da gangan a kan tsirkiya ɗaya da sautukan da suke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano kafin ya sami muryar da yake nema. Mai gogen ƙauyen Malumfashi a wannan wuri aka haife shi. Haka nan Jorj Kurtag ya tsara gajerun waƙoƙi arba'in tsakanin 1985 da 1987 a kan kalmomin marubuci Kafka, na muryar mace ɗaya da biyolin ɗaya, inda biyolin take raka murya, take katse ta, take yi mata gardama. Masu tarken kiɗa na can ba su taɓa ɗaukar biyolin ɗin a matsayin ado ba.

Ba ana cewa kiɗan biyu ɗaya ba ne. Na Ligeti da Kurtag a rubuce yake, ana yin sa a zaure mutane suna zaune shiru, namu kuwa a ka yake, ana yin sa cikin ƙura da guɗa. Ba kuma ana neman Bature ya sa wa goge hannu kafin a yarda da shi ba. Darasin na hanyar aiki ne. Bartok bai rubuta kalmomin manoma ya watsar da karinsu ba, kuma saboda naɗe-naɗen da irinsa suka bari, lokacin da samarin birnin Budafest suka tayar da gidajen rawar gargajiya a 1972 sun sami abin da za su koma su saurara, ban da tsofaffin makaɗan ƙauye da suka je suka zauna a gabansu.

4.6 Tsirkiya a Situdiyo

Tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, yawancin waƙoƙin da matasa suke saurara a situdiyo ake haɗa su da fiyanon lantarki. Wannan na'ura tana da muryoyi da yawa a cikinta, har da mai kama da ta goge, kuma masu haɗa kiɗa sukan sa ta idan suna son waƙa ta yi ƙamshin gargajiya. Matsalar ita ce fiyano a kan matakala yake tafiya, daga wannan maɓalli sai wancan, babu komai a tsakani. Faɗau kuwa a tsakanin yake zaune. Akwai ɗan maɓallin lanƙwasa sauti a gefen na'urar, amma lanƙwasar da yake bayarwa ba ta san gaɓar Hausa ba sai in mai riƙe da shi ya san ta. Abu na biyu, a situdiyo sau da yawa kiɗa ake fara ɗorawa, ya yi ta zagayawa iri ɗaya, sannan mawaƙi ya hau kai. Kiɗan da aka riga aka naɗe ba ya jin abin da mawaƙi ya faɗa, balle ya ba shi amsa. Saboda haka ko da an ji muryar goge a irin waɗannan waƙoƙi, amshin da aka bayyana a 4.2 babu shi.

Domin rage giɓin da aka ambata a farkon babi, a waƙoƙin da ke rataye na wannan kundi an bi wata 'yar hanya. Duk inda makaɗi ya yi shiru tsirkiya ta karɓa, an ba wurin layinsa na kansa, an rubuta sunan abin kiɗan a gefen hagu kamar yadda ake rubuta "Jagora" da "'Y/Amshi". An kuma nuna ko maimaita layin baya ta yi, ko sauya shi ta yi, ko gindi kawai ta riƙe, da kuma sau nawa ta zagaya kafin murya ta dawo. Wannan alama tana nuna inda tsirkiya ta yi magana da irin maganar, amma ba ta maye gurbin sauraro, don haka an haɗa naɗin waƙoƙin tare da kundin, an kuma sa minti da daƙiƙa a gaban kowane layi na goge da na kuntigi domin mai dubawa ya iya komawa kansa kai tsaye.